Ga amsar masu cewa tseren motocin Amurka kewaye ne kawai

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da ya fito a shafinku na wasanni game da tseren motoci, kuma na ji daɗi da aka ɗan sarara wa ƙwallon ƙafa ko da na yini guda ne. Sai dai akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Marubucin ya ce in ana batun gwanintar tuƙi to Formula 1 ce kaɗai abin kallo, tseren Amurka kuwa kewaya fili ne kawai, mutum ya karya kan mota hagu ya taka wuta har a tashi. Ina ganin girman malamin, amma a nan bai yi wa direbobin can adalci ba. Mutum ɗaya ya ishe ni hujja, wato direban Amurka Tony Stewart.

Amurkawa suna da manyan gasa biyu da ba su yi kama da juna ba. Akwai IndyCar, inda motar take da kujera ɗaya, tayoyinta a waje, ga fukafukai gaba da baya da ke danne ta a kan kwalta. Ba ta da nauyi, tana wuce kilomita 350 a awa a filin Indianapolis, kuma in tayarka ta taɓa ta wani, motar na iya tashi sama. Sannan akwai NASCAR, mai motoci rufaffu masu fasalin motar gida. Nauyin irin wannan mota ya kusa ninka na waccan, birkinta ba ya kamawa da wuri, zafin cikinta yakan kai digiri 50, kuma gogar juna da ture-ture duk cikin wasan ne. Hannun da ya saba da ɗaya yakan rikice a ɗayar. Juan Pablo Montoya ɗan Kolombiya ya ci tsere 7 a Formula 1, har da na Monaco a 2003, amma da ya koma NASCAR ya shekara bakwai yana fama, sau 2 kacal ya yi nasara a babbar gasar, kuma duka biyun ba a fili mai kewaye ba ne. Sam Hornish Jr. ya ɗauki kambin IndyCar sau 3, ya ƙaura, bai taɓa cin tsere ko ɗaya a babbar gasar NASCAR ba. Jimmie Johnson mai kambin NASCAR 7 ya koma IndyCar a 2021, shi ma ya dawo hannu rabbana. In da juya sitiyari hagu ne kawai, me ya kayar da waɗannan?

Stewart shi ne ya haye wannan rafi bai jiƙe ba. An haife shi a 1971 a garin Columbus na jihar Indiana, ya fara da ƙananan motocin tseren yara, daga nan ya faɗa filayen ƙasa na ƙauyukan Amurka, inda ake tsere a kan jar laka da daddare, mota na tafiya a karkace tana watsa ƙasa. A 1995 ya lashe kambuna uku na hukumar tseren motoci ta USAC a kaka ɗaya, abin da ba wanda ya riga shi yi. Shekara ta zagayo ya shiga Indy 500, babban tseren IndyCar da ake yi a Indianapolis, a karon farko, kuma shi ya tashi a gurbin farko, amma ta hanyar da ba wanda zai so, domin abokin aikinsa Scott Brayton ne ya ci wannan gurbi, sai ya rasu a haɗari lokacin atisaye. Stewart ya jagoranci tseren na tsawon zagaye 44 kafin injinsa ya mutu. A 1997 ya zama zakaran gasar IndyCar.

Nan akwai abin da masoyansa ba su cika son a faɗa ba. Wannan kambi ya zo ne a lokacin da gidan tseren ya rabu biyu, manyan ƙungiyoyi da fitattun direbobi suka tsaya a tsohuwar gasa mai suna CART, sabuwar gasar IRL kuma, wadda Stewart ya ci kuma daga baya ta zama IndyCar, tana rarrafe. Wanda ya ce kambin 1997 bai kai nauyin na sauran shekaru ba, ba zan yi musu da shi sosai ba. Abin da ya biyo baya ne ya rufe bakin masu shakka.

A 1999 ya koma NASCAR a ƙungiyar Joe Gibbs, yana jan mota mai lamba 20 mai ruwan lemo. A shekararsa ta farko ya ci tsere 3, ya ƙare na huɗu a jadawali. Ya ɗauki kambi a 2002, ya sake a 2005. Har yau shi kaɗai ne direban da ya haɗa kambin IndyCar da na babbar gasar NASCAR.

Amma ranar da nake so marubucinku ya duba ita ce 27 ga Mayu, 2001. A ƙarshen watan Mayu, ranar Lahadi ɗaya, ake yin Indy 500 da rana a Indiana, sannan a yi Coca-Cola 600 da yamma a Charlotte ta jihar North Carolina. Na farko mil 500 ne, zagaye 200. Na biyu mil 600, zagaye 400, kuma shi ne tsere mafi tsawo a NASCAR. Jimilla mil 1,100, kusan kilomita 1,770, wato kamar direba ya tashi daga Kano ya kai Legas, ya juyo ya ci fiye da rabin hanyar dawowa, duk a yini ɗaya, da gudun da ko ƙiftawar ido sai ya yi lissafi. Stewart ya fara gwada haɗa su a 1999, ya zo na tara a Indianapolis da na huɗu a Charlotte, amma ya fito daga motar jikinsa ya mutu murus saboda rashin ruwa da abinci. A 2001 ya dawo da shiri. Ya ƙare na shida a Indianapolis, ya fito daga mota ya faɗa jirgi mai saukar ungulu, daga nan zuwa ƙaramin jirgi, ana yi masa ƙarin ruwa a sama, ya sauka ya shiga wata mota mai hali dabam. Tun a farkon tseren motar ta juya da shi ya koma can baya, ya dinga tsinto su ɗaya bayan ɗaya har ya ƙare na uku. Bai bar ko zagaye ɗaya ba cikin 600 ɗin. John Andretti ya gwada a 1994, Robby Gordon ya yi ta gwadawa, injin Kurt Busch ya fashe a Charlotte a 2014, Kyle Larson kuma ruwan sama ya ɓata masa shiri a 2024, a 2025 ya yi haɗari a duka biyun. Ba wanda ya kammala sai Stewart.

Batun cewa hagu kawai suke juyawa ma bai tsaya ba. NASCAR na zuwa hanyoyi masu lanƙwasa dama da hagu, da hawa da gangara, kuma Stewart ya ci 8 daga cikin irin waɗannan, 5 a Watkins Glen, 3 a Sonoma. A can Watkins Glen ɗin ne a watan Yunin 2011 shi da direban Formula 1 Lewis Hamilton suka yi musayar mota, Hamilton ya ja Chevrolet ɗin Stewart, shi kuma ya shiga McLaren ɗin Hamilton. Wasa ne na masu talla, ban ɗauke shi hujja ba, amma ya nuna su kansu direbobin ba sa yi wa juna kallon raini irin wanda mu 'yan kallo muke yi.

A 2009 ya yi abin da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ne. Ya bar ƙungiyar da ke ba shi nasara, ya karɓi rabin hannun jarin wata ƙungiya ta attajiri Gene Haas da ba ta taɓa cin tsere ba, aka sa mata suna Stewart-Haas, ya ɗauki lamba 14 don girmama gwaninsa A.J. Foyt. Ga shi direba, ga shi mai gida. Kakar 2011 ta zo masa a karkace, tsere 26 na farko bai ci ko ɗaya ba, har shi da bakinsa ya nuna bai cancanci shiga zagayen neman kambi ba, wato tsere goma na ƙarshen kaka. Sai ya ci 4 daga cikin tara da suka biyo baya. Aka je tseren ƙarshe a Homestead ta jihar Florida, Carl Edwards na gabansa da maki 3. Tun da wuri wani ƙarfe ya huda gaban motarsa, ya shiga gyara, ya fito a wajen na 40. A daren nan an ƙirga ya wuce mota sau 118, wani lokaci su huɗu a jere cikin kwana, ya ƙare na ɗaya, Edwards na biye da shi. Da aka tattara maki kowannensu yana da 2,403. Sai aka koma ga yawan nasara, Stewart 5, Edwards 1. Rabon da mai mota ya ci kambi da hannunsa tun Alan Kulwicki a 1992. Abin mamaki, shugaban makanikansa Darian Grubb, wanda ya tsara masa wannan nasara, an riga an gaya masa cewa aikinsa ya ƙare a ƙarshen kakar, kuma haka aka yi.

Ba waliyyi nake kawo muku ba. Mutumin yana da zuciya a kusa. A 2002 ya kai wa wani mai ɗaukar hoto hannu a Indianapolis, NASCAR ta ci shi tara, kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ya ƙara masa wata da ta fi ta. A 2012 a Bristol ya cire hular kwanonsa ya jefi motar Matt Kenseth da ita, jama'a na ta shewa. Ni ban ga abin shewa a nan ba.

Kuma duk wanda zai ba da labarinsa ya tsallake daren 9 ga Agusta, 2014, ya ha'inci mai karatu. Stewart bai taɓa rabuwa da filayen laka ba, har ya sayi filin Eldora a jihar Ohio a 2004, kuma a irin wannan tsere ne ya karya ƙafarsa ta dama a 2013 a jihar Iowa. A wancan dare na 2014 yana tsere a Canandaigua ta jihar New York, sai motarsa da ta wani matashi ɗan shekara 20, Kevin Ward Jr., suka matsi juna, ta yaron ta bugi katanga. Ward ya fito daga motarsa ya taka cikin fili yana nuna Stewart da hannu, alhali motoci na wucewa a hankali ƙarƙashin tutar gargaɗi. Tayar baya ta dama ta motar Stewart ta buge shi, ya rasu. Masu taimaka wa kotu sun duba bidiyo da shaidu, suka ce babu dalilin gurfanar da shi. Iyayen yaron ba su gamsu ba, suka shigar da ƙarar neman diyya, aka sasanta a 2018 ba tare da bayyana sharuɗɗan ba. Stewart ya ƙaurace wa tsere uku a lokacin, NASCAR kuma ta kafa doka cikin mako guda cewa direban da ya yi haɗari ya zauna a motarsa har jami'ai su iso, sai fa in wuta ce ta kama. Ni dai ban yarda da masu kiransa mai kisa ba, haka kuma ban yarda da masu ɗora wa mamacin laifin duka su shafa fatiha ba. Waɗanda suka bi shi a shekarun da suka biyo baya sun ga ba shi ne Stewart ɗin da ba.

Ya yi ritaya daga NASCAR a 2016 da nasara 49. Ta ƙarshe a Sonoma ce, bayan raunin ƙashin baya ya hana shi tsere takwas na farkon kakar, inda ya ƙwace ta daga hannun Denny Hamlin a kwanar ƙarshe. Bai taɓa cin Indy 500 ba, bai kuma ci Daytona 500, tseren da ya fi daraja a NASCAR, ba, su ne kuwa manyan biyun da Foyt da Mario Andretti suka haɗa. Ƙungiyarsa ta rufe a ƙarshen 2024. Shi kuwa ya koma wani fanni dabam, tseren miƙaƙƙiyar hanya na NHRA, inda mota ke haura kilomita 500 a awa cikin daƙiƙa huɗu. Ya karɓi kujerar matarsa Leah Pruett a 2024, kuma a watan Afrilun 2025 ya ci tserensa na farko a babban ajin gasar, wato Top Fuel, a Las Vegas yana da shekara 53.

Roƙona gare ku shi ne idan ƙarshen Mayu ya zo, ku ware wa wannan Lahadi ko da rabin shafi. Indy 500 kan tashi wajen ƙarfe shida saura kwata na yamma agogon Nijeriya da Nijar, na Charlotte kuma wajen sha ɗaya na dare. Marubucinku ya daure ya kalli zagaye 30 na ƙarshe na kowanne, sannan ya sake rubuta mana ra'ayinsa, zan karanta ko da bai sauya ba.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai karatu daga Kano