Abin da nake gani a gabas kafin assalatu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, an yanke gero, hazo kuma bai sauko ba tukuna, don haka da dare sama tas take.

Ka tuna karatunmu na zaure, da malam ya ce alfijir biyu ne? Na farko, na ƙarya, yana miƙewa tsaye kamar wutsiyar kyarkeci, ba ya halatta sallar asuba, ba ya hana mai sahur ci. To wallahi na gan shi da idona, shi ya sa na kasa haƙuri sai da na rubuto maka. Kwanakin nan a gona nake kwana saboda dammunan da ba mu kwashe ba, can kuwa babu fitila ko ɗaya. Da sauran dare, kafin a kira assalatu, sai wani farin haske dishi-dishi ya taso daga gabas, gindinsa da faɗi, samansa siriri, ya ɗan karkata. Masana taurari sun ce hasken rana ne yake faɗawa kan ƙurar da ke warwatse tsakanin duniyoyin da ke kewaya ta. Alfijir na gaskiya kuwa a kwance yake zuwa, ya bazu kudu da arewa, yana ƙaruwa har gari ya waye. Wanda ya ga biyun a dare ɗaya ba zai sake rikita su ba. Ni dai na ƙara ganin girman malaman da, waɗanda suka tantance wannan da ido kawai, babu agogo babu waya.

Gamzaki ma yana nan, can ƙasa-ƙasa, haskensa a tsaye ba ya kyaftawa, domin duniya ce irin tamu. Shi ne dai Zara matar wata da ake gani bayan magariba a wasu watannin, yana yin zagayen nan daga asuba zuwa yamma ya dawo cikin kwana 584. Kaza da 'ya'yanta a lokacin ta riga ta gangara yamma kaɗan. Ta kudu kuma ga tauraruwar Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49, wadda haskenta kan yi tafiyar sama da shekara 8 kafin ya iso mana. Wajen 21 ga Oktoba za ka ga taurari suna ta yankewa jefi-jefi. Ɓurɓushin tauraro mai wutsiya ne, Halley, wanda ya bayyana a 1986, sai kuma 2061 ga mai yawan rai.

Na san fitilu da hayaƙin Legas ba za su bar ka ka ga ko rabin wannan ba. Don Allah in za ka zo, ka zo kafin hazo, kuma a kwana goman farko na wata, lokacin da farin wata yake faɗuwa tun kafin asuba. Ka taho da yaronka babba, mu kwana a gona tare.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka yi nisan kiwo. Ka gai da uwargida da yara.

Naka,
Amininka