Maigidana zai koma Suwizalan

Salam mutumina,

Na san ka yi fushi kuma kana da gaskiya, wata biyar ban ce maka ko ci kanka ba. Saƙon muryarka uku duk na saurara a cikin mota ina cewa bari in isa gida in ba ka amsa, in na isa kuma sai barci. Ya jikin Hajiya? Ka ce mata maganin gwiwar nan ban manta ba. Ya amarya, har yanzu ita ke riƙe maka katin banki ko ka samu 'yanci?

Abin da ya zaunar da ni rubutu yau, maigidana zai tashi. Tashi na gaske fa, Suwizalan zai koma, gidan ma har an sa shi a kasuwa. Shekara shida ina tuƙa mutumin nan a Oslo, ni ne kai shi filin jirgi, ni ne kwashe ƙanƙara a ƙofar gareji tun duhun asuba, ranar Talata sai ya kira ni kicin ya haɗa min kofi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, tun daga nan gabana ya faɗi. Ya ce zuwa ƙarshen Disamba. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar ni na haifi gwamnati.

Haraji ne ya kore shi. A nan Norwe ban da harajin abin da ka samu, akwai wani na abin da ka mallaka, duk shekara a lissafa gidanka da kuɗinka na banki da hannun jarinka, a cire bashi, a yanki wani abu a kan saura. Da kashi 0.85 cikin 100 ne, da gwamnatin firaminista Støre ta hau sai a 2022 aka kai na manya zuwa 1.1, wato wanda dukiyarsa ta haura kurona miliyan 20, kuɗin ƙasar nan. Wallahi da na fara jin adadin dariya na yi, na ce masa ranka ya daɗe mu zakka ɗaya bisa arba'in muke fitarwa, kashi 2.5 kenan, ban taɓa jin Alhajin da ya bar Kano saboda ita ba. Sai ya tambaye ni wa ke zuwa ya duba littafin Alhajin. Na yi shiru na ci gaba da tuƙi, don ni da kai mun san amsar.

Amma in za a faɗi gaskiya yana da tasa hujjar. Dukiyar tasa ba tsabar kuɗi ba ce a ajiye, hannun jari ne a kamfanin kiwon kifi can arewacin Norwe, to ko an ci riba ko ba a ci ba sai ya biya, kuma kafin ya biya sai ya ciro kuɗi daga kamfanin, wannan cirowar ma ana yanke mata kusan kashi 38. Abin da ya fi ƙona masa rai, baƙon da ke zaune a wata ƙasa in ya mallaki irin kamfaninsa a nan, shi wannan harajin dukiyar ba ya hawa kansa. Na ji wannan bayanin ya fi sau ɗari daga kujerar baya, har na haddace kamar karatun allo.

Ba shi ne farau ba. Tun watan Satumba na 2022 Kjell Inge Røkke, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, ya tattara ya koma birnin Lugano a Suwizalan, kuma a shekarar kaɗai jarida ta ƙirga masu kuɗi sama da 30 da suka bar ƙasar. Abin dariyar, Suwizalan ɗin ma tana karɓar harajin dukiya, sai dai da sauƙi. Maigidana ya daure yana jiran zaɓen Satumba na 2025 ko a samu masu soke shi, kamar yadda Suwidin ta yi a 2007, sai ga Støre ya dawo. Daren sakamakon ko abinci bai ci ba.

Ka san me ya faɗo min? Kakanka. Eh shi, kada ka wani ɓata rai, da bakinka ka ba mu labari a shagon mai shayi yadda in lokacin jangali ya gabato yake kaɗa rabin garken cikin dare ya tsallaka da su gaba, masu ƙirga su zo su tarar da 'yan ƙwarori. Kakana kuwa manomi ne, ina zai kai gona? A kai zai ɗauke ta? Nan yake zaune dagaci ya zo ya karɓi nasa cif, har zuwa 1979 da Rimi ya soke haraji da jangali a Kano. To wallahi abin da nake gani a nan kenan, mai dukiya mai ƙafa shi ke gudu, kuma ba kowa ba, manyan cikin manya ne masu lauyoyi. Likita ko mai gidajen haya biyu yana nan yana ƙunƙuni yana biya. Shi kansa maigidan nawa gadon kwanansa kawai ya ɗauke, kejin kifin suna nan cikin teku, ma'aikata suna nan, kamfani zai ci gaba da biyan nasa harajin. Abin da gwamnati ta rasa shi ne na kansa, kuma ba kaɗan ba ne, ni kuma na rasa aiki.

Gudun ma ba sauƙi. Doka ta ce in yana son ya kuɓuta daga harajin kada ya wuce kwana 61 a shekara a Norwe, kuma kada ya kasance yana da gidan zama a nan, shi ya sa za a sayar. Sannan sun toshe ƙofa da wani harajin na fita a kan ribar hannun jarin, ana ba mutum shekara 12 ya biya. Jiya na ga matarsa da kalanda a kan tebur tana zagaye ranaku da jan biro, haihuwar jika kwana huɗu, Kirsimeti kwana shida, kamar mai ƙirga ramuwar azumi. Ta fi awa a ɗakin ajiya tana riƙe da takalman ƙanƙarar yaranta na tun suna ƙanana, daga ƙarshe ta ce in kai wa nawa. Na tausaya mata fa, ni da ko gidan kaina ban da shi.

Yanzu dai na nemi aikin tuƙa bas, lasisin babbar mota nake da buƙata kuma kuɗinsa ya yi tsada, uwargida ba ta sani ba tukuna don haka ka kama bakinka, na san ka, kafin la'asar amarya ta ji, kafin magariba an kira Oslo. Maganar filin nan ma a ɗan dakata, ka ce wa Yaya Babba kada ya ba da kafin alƙalami sai na kira shi.

Af, da gaske ne wai Liman ƙarami ya ƙara aure? A hoton da aka turo na ga kamar kai ne a sahun gaba da babbar rigar aro, tumbi ya fito. Kuma akwai abin da ka tambaye ni a saƙonka na biyu, na san da shi amma ya ɓace min, wayar kuma tana caji a mota, ƙanƙara na zuba ba zan fita ba. Ka sake turowa.

Ka gaida mutanen majalisa, ban da wanda nake bi bashi.

Naka har kullum.