Kallon sabbin fina-finai a Legas: a daina sayen kwafin da aka ɗauka da waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu ɗan fili mu yi wa 'yan uwanmu mazauna Legas bayani, musamman matasan Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende, waɗanda ke kallon fim don hutawa bayan wahalar kasuwa. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake kashe kuɗi da data a kan kwafin da bai kai a kalla ba, alhali da an san yadda ake fitar da fim, da an huta.

Sabon fim na sinima ranar Juma'a yake fita a mafi yawan lokuta. Idan na Amurka ne, yakan yi kamar wata ɗaya da rabi zuwa wata uku kafin kwafinsa mai kyau ya hau manhajojin kallo. Na Nollywood kan ɗauki watanni fiye da haka. To duk wanda ya ce maka yana da fim kwana biyu da fitarsa, sai dai in wani ya shiga sinima ya ɗauka da waya. Alamarsa a fili take: hoto ya karkace, launi ya dushe, kan mutum ya gifta, tallar caca tana yawo a tsakiyar allo, ga murya kamar daga cikin rijiya. Kafin ka miƙa wa mai tura fim wayarka, duba sunan fayil ɗin. In ka ga CAM ko HDCAM ko TS, wannan ne. Kuma ka ce ya buɗe maka tsakiyar fim ɗin da ƙarshensa, domin sau da yawa farko lafiya lau, can gaba murya ta riga hoto ko fim ya yanke.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mahaɗin da ake rabawa a Telegram da WhatsApp. Fayil ɗin fim yana ƙarewa da mp4 ko mkv. Wanda ya ƙare da apk manhaja ce, ba fim ba. In ka saka ta, ta nemi izinin karanta saƙonninka, to lambobin sirrin da banki ke turo maka ta hanyar saƙo suna hannun wani. Ɗan kasuwar da jarinsa ke cikin waya bai kamata ya yi wannan kasadar ba.

Ga wanda zai je sinima, akwai Silverbird a Ikeja City Mall, wadda ba ta da nisa sosai da mutanen Agege da Mile 12. Filmhouse na Surulere bai da nisa da Idi-Araba, mutanen Obalende kuma sai su tsallaka Victoria Island ko Lekki, inda babban allon nan na IMAX yake. A duba jadawalin ranar a shafin sinimar kafin a bar gida, saboda lokutan nunawa suna canzawa kowane mako. Tikitin ranakun aiki ya fi na Asabar da Lahadi sauƙi a sinimomi da dama. Sai lissafin salla: fim na awa biyu, haɗe da tallace-tallacen minti goma zuwa ashirin da ake sakawa kafin ya fara, in aka shiga da ƙarfe biyar na yamma sai ya cinye Magariba. Shiga da wajen ƙarfe biyu da rabi, bayan an yi Azahar, ya fi dacewa, kuma ana fita kafin cunkoson yamma ya kama hanya. Kujerun layin gaba suna gajiyar da wuya; a nemi na tsakiya zuwa baya.

Masu zuwa da iyali su kula da alamar shekaru ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB. G na kowa ne, PG sai da kulawar iyaye, 12A yaron da bai kai 12 ba sai da babba, 15 da 18 kuwa ba na yara ba ne. Amma alamar ma'aunin hukuma ce, ba ma'aunin gidanka ba. Fim mai lamba 12A yana iya ɗauke da shigar da ba za ka so ka kalla kusa da 'yarka ba, don haka ka fara kallon tallarsa kai kaɗai. Ita ma tallar a yi hattara da ita: YouTube cike yake da tallan bogi na fina-finan da ko fara ɗaukarsu ba a yi ba. A nemi tashar kamfanin da ya shirya fim ɗin.

Kallo a waya kuwa, data ce ke tafiya ba a sani ba. A Netflix, hoto mafi inganci yana iya cin giga 3 a awa ɗaya, matsakaici kuma 0.7. In aka kunna tsarin tsimin data a waya, giga ɗaya yana kai kusan awa shida. A YouTube, inda yawancin fina-finan Hausa masu dogon zango suke fita mako-mako, hoto mai matsakaicin inganci, wato 480p, yana cin kusan rabin giga a awa, kuma a ƙaramin allon waya ya wadatar. Matsalar ita ce barin manhaja ta zaɓa da kanta: da sabis ya yi ƙarfi sai ta haye 1080p mai cin data da yawa. A saita da hannu. Mai amfani da datar dare ya sauke fim ɗin a lokacin, ya kalla da rana, sai dai wasu fina-finan Netflix da aka sauke suna daina buɗewa awa 48 bayan an fara kallonsu.

Akwai abin da ya shafi fina-finanmu kai tsaye. Masu sinima suna duba cinikin kwana ukun farko ne su yanke shawarar ko fim zai ci gaba ko a rage masa lokuta. Fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, wanda ya fita a Disambar 2023, ya haura naira biliyan ɗaya ne saboda mutanensa sun fito sun sayi tikiti. Mu kuwa, a 2024 Najeriya ta zaɓi Mai Martaba, fim na Hausa, ya wakilce ta a gasar Oscar, amma Bahaushen Legas nawa ne ya ji labarinsa a kan lokaci? In fim na Hausa ya shigo sinimar Legas muka ce sai mako mai zuwa, za mu je mu tarar an sauke shi, mai sinima kuma ya ɗauka ba mu da 'yan kallo.

Shi ya sa muke roƙon wannan jarida ta ware ɗan gurbi kowace Alhamis: fina-finan da za su fita washegari, alamar shekarunsu, tsawonsu, harshen da aka yi su da shi, da ko akwai fassara a ƙasan allo. A ƙara da waɗanda suka hau YouTube ko Arewa24 ko Netflix a makon, tare da sunan tashar masu fim ɗin ta gaskiya, domin kuɗin kallo ya shiga aljihun waɗanda suka yi aikin. Kafin ƙaramar Salla da babba da kuma watan Disamba, lokutan da fina-finai suka fi fita, a buga jerin tun mako biyu kafin lokaci.

Mun gode.

Wasu masu sha'awar fina-finai,
Agege, Legas