Kafin a biya kuɗin makarantar lafiya, a tambayi lasisi

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye, yanzu da sakamakon WAEC da NECO ya fito, kowa na neman inda zai kai ɗansa.

Shekara talatin na yi ina aikin dubagari kafin in yi ritaya, amma a gidanmu aka yi wannan kwaɓar ban sani ba. Ƙanena ya sa 'yarsa a wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta, gidan haya mai ɗaki shida da ƙaton allo a ƙofa. Abin da ya burge shi fararen kayan ɗalibai. Ya sayar da bijiminsa da buhunan masara ya biya. Yarinya ta yi shekara uku, sai da jarrabawar ƙasa ta zo aka ce babu sunanta, domin makarantar ba ta taɓa yi wa ɗalibanta rajista da hukuma ba. Takardar da suka ba ta tana nan a ƙasan akwati, har da hatimi ja.

Tambayar farko ita ce: wa zai ba yaro lasisi? Mai karatun CHEW (ma'aikacin lafiya a matakin farko) na shekara uku, ko JCHEW (ƙaramin matakinsa) na shekara biyu, hukumar rajistar irin waɗannan ma'aikata, wato CHPRBN, ce ke yi masa rajista da jarrabawa. Mu dubagari tamu EHCON ce, hukumar kula da ma'aikatan tsaftar muhalli. Digiri kuwa sai hukumar kula da jami'o'i, wato NUC, ta amince da kwas ɗin kansa, ba sunan jami'a kawai ba. Kada a yarda da "muna kan hanyar samu". A nemi ganin takardar amincewa, a kuma tambayi waɗanda suka gama bara ko lasisinsu ya fito. Tsofaffin makarantu irin su School of Hygiene ta Kano da na Maƙarfi, Jahun, Ningi da Tsafe sun daɗe suna yaye ma'aikata, su ma a tambaya kwas-kwas.

Sai wani ruɗani da nake yawan ji a majalisa. Yaro ya samu gurbin digiri a fannin lafiyar al'umma, dangi sun fara kiransa likita. Ba likita ba ne, kuma digirin nan kaɗai ba ya ba shi izinin duba marar lafiya ko rubuta magani. Aikinsa bin sawun cuta: a wace unguwa amai da gudawa ya ɓulla, wace rijiya suke sha, yara nawa ba a yi wa rigakafi ba. Irin wannan aikin ne ya gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara a 2010, shi ya kai mu ga rabuwa da ƙwayar shan-inna ta daji a 2020, shi aka nema ruwa a jallo da mashaƙo ya addabi Kano a 2023. Yaron da ke ƙyamar shiga lungu ko leƙa masai, a nema masa wani fannin.

Don haka a tambaya ina ɗalibai ke zuwa koyon aiki a aikace, wata nawa, wa ke duba su.

Ita 'yar tamu ta sake zama a aji ɗaya a wata makarantar gwamnati, tare da sa'o'in ƙanwarta. Wancan allon kuwa na wuce shi makon jiya, an sake masa fenti.

Naka,
Tsohon dubagari, daga Funtuwa