Rahoton Ayyukan Shekara Zuwa Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa lauyoyi da ƙannenmu ɗalibai.

Kamar yadda babban taro ya amince bara, zaman karatunmu na bana ya karkata ne kan baƙaƙen matan Amurka da suka fasa ƙofar jami'a da ta kotu.

Da Charlotte Ray muka buɗe, baƙar mace ta farko da ta zama lauya a can. Ta gama Jami'ar Howard a 1872, ta buɗe ofis, masu ƙara suka ƙi zuwa, ta rufe ta koma koyarwa. Sabbin lauyoyinmu da ke zaman jiran aiki sun ce labarin ya taɓa su.

Wanda ya fi cin lokacinmu shi ne na Ada Lois Sipuel, har sai da muka ƙara masa zama. A 1946 Jami'ar Oklahoma ta hana ta karatun lauya saboda launin fatarta. Thurgood Marshall, lauyan da ke kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya tsaya mata, Kotun Ƙolin Amurka ta ba ta gaskiya a Janairun 1948. Maimakon a ɗauke ta, sai jihar Oklahoma ta yi sauri ta haɗa wata makarantar lauya ta jeka-na-yi-ka a ginin majalisarta. Ta ce ba ta zuwa. Da aka ɗauke ta a 1949, kujera aka ware mata daban da ta sauran ɗalibai. A nan muhawara ta yi zafi: mene ne amfanin hukuncin da hukuma ke bi da baki tana murɗe shi a aikace? A ganin kwamiti, wannan ne zama mafi armashi a bana. A 1992 dai an naɗa ta cikin majalisar gudanarwar jami'ar da ta taɓa ƙin ɗaukar ta.

Constance Baker Motley, wadda ta zama alƙalin kotun tarayya a 1966, ba mu yi mata adalci ba. Zaman ya faɗo dab da azumi, mahalarta suka yi ƙaranci. Za mu maimaita.

Kuɗin wata-wata kuwa, a gaskiya ana jan ƙafa. Masu bashi su ga ma'aji.

Baɗi in Allah ya kai mu, za mu dawo gida, mu fara da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, lauya mace ta farko daga Arewa, wadda ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2012. Mai son jagorantar zaman ta sanar da sakatariya kafin ƙarshen wata.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa