Abba, Ka Cire Mutumin Nan Daga Labarinka

Assalamu alaikum.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Innarka da ta sake tashi da shigowar sanyi. An yanke gero, dawa ta kusa. Ta gonar bayan gari nake nufi, ta fadama ka san ba tamu ba ce yanzu.

Da hannuna na rubuta wannan, Auta za ta ɗauki hotonta ta turo maka. In na kira ka a waya, "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi har katin ya ƙare, ka koma kan abin da kake yi.

Ina da labarin zamanka fiye da yadda kake zato. Na san daga safe zuwa la'asar kana shagon POS na abokinka, daga nan ka ɗauki takardunka ka bi ofisoshin 'yan fim na Zoo Road kana jiran wanda zai ce kawo in gani. Na san ku huɗu ne a ɗakin, kuma sai sun yi barci kake samun yin rubutu, a waya, in akwai caji. Na san da labarinka da wani furodusa ya karɓa, ya ba ka abin da bai wuce kuɗin mota ba, aka fito da fim da sunan wani a kai. Ba ka gaya min ba, don kada in ce na faɗa maka. To na faɗa maka. Amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Auta tana karanta min abin da kake sa wa a Facebook. Wanda ka yi a kan fina-finai masu dogon zango ya ba ni dariya, inda ka ce labarin da zai ƙare a kashi goma sai a ja shi kamar danƙo, tunda a YouTube yawan kallo ne kuɗi. Ka ce kowa a gidan bene yake, kowa rigimar kishiya da gado yake yi, ba a taɓa ganin mai fartanya ba sai in ana son a yi masa dariya. Gaskiyarka. Innarka dai ba ta yarda ba, ita da ko tuwo na kan wuta ba ta bari shirin dare na Arewa24 ya wuce ta. Ni ma ba baƙon kallo ba ne, kada ka ɗauka. Ina saurayi na sha shiga sinima a Gusau kallon Indiya da kuɗin da ya kamata in ci abinci, tun kafin a ƙaddamar da shari'a a 1999 a rufe su. Sai dai ka rage kaifin harshe. Daraktan da ka ce bai san bambancin labari da hira ba ya haife ka, kuma ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa gobe.

Ɗan Gwaggonka ya dawo daga Kano ranar Talata. Da murnarsa yake ba mu labari, wai ka gama wani rubutu da kowa ke yabawa, har an fara maganar ɗauka. Na ce a kan me? Ya ce manomi ne aka ɗauke a gonarsa washegarin ranar kasuwa, bayan ya sayar da shanun huɗa. Yayansa ya sayar da fadama ya kai kuɗin fansa, aka ce sai an ƙaro babur. Kuma akwai wani mai shago a jikin masallaci, yana ɗingishi, yana ƙirga wanda ya sayar da dabba.

Innarka ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige ɗaki.

Abba, wa kake so ka ruɗa? Don ka canza masa suna? Yaron da ke tallan ƙosai a garin nan in ya ga wannan ɗingishin zai faɗi ko wane ne. Kana tsammanin mutanen daji ba su kallo? Wayoyinsu sun fi taka tsada, a cikin daba suke zaune suna sa hotunansu a TikTok suna nuna kuɗi. Ka manta Satumbar 2021, da gwamnati ta katse layukan waya a jihar nan baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, har sai mun hau mota mun fita jiha kafin mu ji muryarka? Me ya sa aka yi haka, in ba don an san wayar ce igiyar da ke tsakanin daji da infoma ba? Ranar da fim ɗin nan ya hau YouTube, kafin magariba wani ya tura masa. Zai ga sunanka a rubuce, da sunana a bayansa. Kai kana Kano ana tafa maka. Mu ne za mu kwana a nan, ni da Innarka da Auta, da katangar da kai ma kana tsallake ta kana yaro.

Kada ka ce min akwai Hukumar Tace Fina-finai. Su tufafi suke dubawa da rawa da kalaman batsa. Babu wanda aka ɗauka aiki a can don ya duba ko wani tsoho a Zamfara zai wayi gari.

Na san abin da ke cin ka. Daren da muka gane mai shagon nan ne infoman, ka tashi za ka fita, na riƙe rigarka a zaure, ka juyo ka ce min tsoro nake ji. Ban manta kalmar ba, kuma ban taɓa zaton zan ji ta daga bakinka ba. To, tsoro ne. Da tsoron nan Baffanka da aka ɗauke ya dawo da ƙafarsa. Je ka ƙirga gidajen da suka kai ƙara, ka ga nawa ne suka ga nasu. Kullum asuba sahu ɗaya muke tsayawa da mutumin nan, ina ba shi hannu, ina tambayarsa iyali. Kana ganin daɗi nake ji? Shekara nawa ina haɗiye wannan don ku girma, sai kai ka zo ka amayar da shi a gaban duniya saboda a ce ka iya rubutu. Baki shi ke yanka wuya, kuma wannan karon ba wuyan mai bakin ba ne.

Shi Baffan naka, ka tambaye shi? Mutumin da har yau in babur ya wuce da dare sai ya miƙe zaune. Bai taɓa ba ni labarin kwanakin nan ba, ni da muka fito ciki ɗaya.

Ba cewa na yi ka daina ba. Na gwada hana ka sau ɗaya, da na yaga littafinka kana aji uku, na kuma tura ka Kaura Namoda karatun akanta, ga inda muka ƙare. Tun kana zama a gaban Kaka kana gyara mata ƙarshen tatsuniya na san ba za ka bari ba. Kuma abin da ka ce gaskiya ne, ya kamata a ga mai fartanya a fim, a ga abin da ake yi masa. Amma ka ɗauke labarin daga garinmu. Ka cire shagon, ka cire masallacin, ka miƙe masa ƙafa. Ka mai da shi direba ko mai awo, ka sa wanda aka ɗauke ya zama ɗan kasuwa. In ka ce labarin ba zai tsaya ba sai da ɗingishin, to ka ajiye shi a jaka har Allah Ya kawo sauƙi, ko har mu bar garin, ko mu bar duniya. Kai yaro ne, kana da lokacin jira.

Innarka ta ba ɗan Gwaggonka yaji da ƙuli ya kawo maka, ta ce kada ka raba wa 'yan ɗakinku duka kamar wancan karon. In za ka zo, motar safe za ka shiga, ka wuce Tsafe da rana tsaka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan isha'i, kuma ba "to Baba" nake son ji ba, ka ce min ka cire ko ba ka cire ba. In ka gama karantawa ka goge hoton, na sa Auta ta goge nata.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.