Ya zubar da kayan Tsintuwa, ko mako biyu ba ta yi da mutuwa ba

Anti, barka da aiki. Don Allah ki yi haƙuri da wasiƙar nan, ina rubutawa ne hannuna na rawa.

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar maigidana ya kwashe kayan karyata ya zubar. Kwanonta, tsohon bargon da take kwanciya a kai, har da abin wuyanta. Kwananta 9 kacal da mutuwa. Da na yi magana ko ɗago kai bai yi ba, wai kare ne fa, ba ɗa ba. Anti, shekara 12 muna tare da ita.

Sunanta Tsintuwa, don tsintar ta na yi a cikin kwalbati bayan an ɗauke ruwa, tun kafin aurenmu. Ƙazuwa ta cinye mata gashi, kunnuwanta cike da kaska. Likitan dabbobi ya duba bakinta ya ce ba ta kai wata 4 ba, tunda haƙoran nono ba su fara zuba ba. Ni na riƙa yi mata wankan magani, na ba ta maganin tsutsar ciki, aka yi mata allurar rigakafin haukan kare, kuma ban taɓa barin lokacin allurarta ya wuce ba. Ina faɗar wannan ne don ki san ban yi sakaci da ita ba.

Na manta ban ce su biyu ba ne. Akwai Gurgu, mota ta buge shi a gefen titi aka bar shi yana jan ƙafa, na ɗauko shi. Shi ya riga ta tafiya da shekara 2. Da ya mutu, Tsintuwa ta yi kwanaki tana shinshina wurin kwanciyarsa, ba ta son abinci. Abin wuyansa yana tare da nata a leda ɗaya, shi ma ya tafi bola. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ciwon ƙoda ne ya kama ta. Ta fara shan ruwa da yawa, fitsari ba tsayawa, na ɗauka zafi ne da tsufa. Wa zai kawo wani abu a ransa? Sai ta rame, ta fara amai, bakinta na wari. Da aka yi gwajin jini, likita ya ce alamun ciwon ba sa fitowa sai mafi yawan ƙodar ta lalace, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. An yi mata ƙarin ruwa, ta ɗan farfaɗo, ta sake kwantawa. Ƙarshe na yarda aka yi mata allurar da ta yi barci ba ta farka ba, kanta a kan cinyata. Ni na sa hannu a takardar.

Maigidana kuma cewa yake ya gaji da ganina zaune gaban kwanon ina kuka da tsakar dare, wai don ni ya yi. To, shi ya kai mu asibitin, shi ya haƙa ramin, ban musa ba. Amma dama can bai taɓa son ta ba, kallon ɗawainiya yake mata. Mutumin da ya damu da ni ai zai tambaye ni kafin ya taɓa. Ƙanwarsa ma ta bugo waya tana cewa in ji kunya. Hotuna 6 ne kawai suka rage mini a waya, a biyu ma ba a ganin fuskar Gurgu sosai.

Yau kwana biyu ban ce masa uffan ba. Da niyyata in tambaye ki yadda zan yi da shi. Amma Anti, ki gaya mini gaskiya: da na kai ta asibiti tun watan da ta fara yawan shan ruwan nan, da yanzu tana nan? Kuma allurar da na sa wa hannu, na hutar da ita ne ko na yi gaggawa?

Taki,
mai bibiyar filinki kullum